Kafin mutum-mutumi ya ɗauki makami: yadda kamfanonin fasaha ke shiga majalisun biranen Amurka

A ƙarshen shekarar 2022, wani kansila a birnin San Fransisko mai suna Aaron Peskin ya ƙara jimla ɗaya a cikin daftarin ƙa'idojin kayan aikin 'yan sanda. Jimlar ta ce ba za a yi amfani da mutum-mutumi wajen nuna ƙarfi a kan kowane ɗan Adam ba. Da daftarin ya isa hannun rundunar 'yan sandan birnin, sai suka soke ta suka rubuta tasu: za a iya aika mutum-mutumi ya kashe mutum idan rayuwar jama'a ko ta jami'ai tana cikin haɗari kuma babu wata mafita da ta fi. Ranar 29 ga Nuwamba majalisar birnin ta amince da hakan, mutum 8 suka ce e, 3 suka ce a'a. Nan take gari ya ɗauka, aka yi zanga-zanga a ƙofar majalisa, jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Mako guda kacal bayan haka, ranar 6 ga Disamba, kansilolin suka lashe amansu suka hana.

Masu fafutukar kare haƙƙin jama'a sun yi murna, kuma sun cancanci su yi. Sai dai wata 15 bayan nan, a Maris na 2024, mutanen wannan birni suka kaɗa ƙuri'a kan wani ƙuduri da ake kira Prop E, suka amince da shi da kusan kashi 54 cikin ɗari. Ƙudurin ya ba 'yan sanda damar amfani da jirage marasa matuƙa da kafa kyamarorin sa ido, ya kuma ba su damar gwada sabuwar fasahar leƙen jama'a har tsawon shekara guda kafin majalisa ta tsara mata ƙa'ida. Cikin manyan waɗanda suka zuba kuɗi a kamfe ɗin akwai Chris Larsen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kuɗin kirifto na Ripple, da dala 250,000, da Ron Conway, sanannen mai zuba jari a kamfanonin fasaha, da dala 100,000. Wannan karon duniya ba ta yi hayaniya ba. A ganina abu na biyun ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba, kuma dalilin haka shi ne abin da nake so mu warware.

Mu fara da kalmar da ta fi rikita mutane, wato “mai cin gashin kansa”. Aikin ɗan sanda a kan titi, idan ka warware shi, abu huɗu ne. Zai gani, zai yanke shawarar inda za a je da wanda za a tsayar, zai isa wurin, sannan in ta kama ya sa hannu. Da an ce mutum-mutumi ɗan sanda, hankalin kowa sai ya tafi kan na huɗun, ya hango wani ƙarfe mai ƙafa biyu riƙe da bindiga yana zaɓen wanda zai harba. To wannan bai zo ba tukuna. Kisan da aka fi ambata, wanda aka yi a Dallas a Yulin 2016, ba na'ura ce ta yanke hukuncinsa ba. Wani tsohon soja, Micah Johnson, ya harbe 'yan sanda biyar har lahira, ya maƙale a cikin ginin wata kwaleji, aka shafe sa'o'i ana magana da shi ba a daidaita ba. Shugaban 'yan sanda David Brown ya ba da umarni aka ɗaura wa wani mutum-mutumin kwance bam kusan rabin kilo na nakiyar C-4, aka tuƙa shi da rimot har inda mutumin yake, aka tayar. Daga farko har ƙarshe hannun mutum ne a kan maɓalli. Su ma na San Fransisko guda 17 da aka yi ta cece-kuce a kansu, waɗanda 12 ne kawai ke aiki a lokacin, duk irin waɗannan ne, masu bin umarnin rimot.

Waɗanda ke yawo da kansu kuwa, tarihinsu ya fi kama da wasan barkwanci. Kamfanin Knightscope, wanda aka kafa a Kalifoniya a 2013, yana ƙera wani mai suna K5, dogo mai siffar ƙwai, nauyinsa ya kai kilo 180. A 2016 ɗaya daga cikinsu ya buge yaro ɗan wata 16 a wata cibiyar kasuwanci da ke Palo Alto. A 2017 wani ya gangara matakala ya faɗa cikin kwamin ruwan ado a birnin Washington, aka yi ta raha cewa aikin ne ya ishe shi. A 2019, a garin Huntington Park da ke gefen Los Angeles, faɗa ya kaure a wani wurin shaƙatawa, wata mata ta ruga ta danna maɓallin neman agaji da ke jikinsa, shi kuwa ya ce ta ba shi hanya ya ci gaba da sintirinsa. Ashe ba a ma haɗa maɓallin da ofishin 'yan sanda ba, alhali an rubuta “'yan sanda” ɓaro-ɓaro a jikinsa. A Satumban 2023 magajin garin New York, Eric Adams, ya ƙaddamar da K5 a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Times Square, yana alfahari cewa hayarsa dala 9 ce a awa, ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ba ya zuwa bayan gida, ba ya hutun cin abinci. Abin da bai nanata ba shi ne 'yan sanda na jini da tsoka ne ke raka shi, kuma ba ya iya hawa matakala a tashar da kusan ko'ina matakala ce. Zuwa farkon 2024 an jingine shi.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai babu abin tsoro, ƙarfen da ba ya iya hawa bene wa zai kama? Nan ne kuskuren yake. Ayyuka uku na farko, gani da zaɓe da isa wuri, tuni na'ura ta karɓi kaso mai yawa a cikinsu, kuma ba ta zo da ƙafa ko fuska ba ballantana a ɗauki hotonta a yi dariya. Kamfanin Flock Safety na birnin Atlanta, wanda aka kafa a 2017, yana da kyamarori a dubban garuruwa da ke karanta lambar kowace motar da ta wuce, da launinta da ƙirarta, su ajiye a rumbun da ɗan sanda zai iya bincikawa. Kamfanin da ke da tsarin ShotSpotter yana maƙala na'urorin saurare a saman gine-gine da turakun lantarki, in sun ji abin da ya yi kama da ƙarar bindiga sai a tura wa 'yan sanda wurin. Garin Chula Vista, kusa da iyakar Meziko, shi ya fara a 2018 da tsarin aika jirgi marar matuƙi da zarar an kira lambar gaggawa ta 911, ya riga motar sintiri isa ya aiko da hoto. A Oktoban 2024 Flock ya sayi kamfanin jirage marasa matuƙa na Aerodome, wato mai ido ya sayi fiffike. Axon, mai ƙera bindigar lantarki ta Taser da kyamarar da 'yan sanda ke maƙalawa a ƙirji, shi ma a shekarar ya sayi Fusus, mai haɗa kyamarorin gari a allo ɗaya, ya kuma fito da Draft One, manhajar da ke sauraron abin da kyamarar ƙirji ta naɗa ta rubuta daftarin rahoton ɗan sanda. Haɗa su wuri guda ka gani: na'ura ta ji, na'ura ta nuna wuri, na'ura ta tashi ta je, na'ura ta rubuta abin da ya faru. Ɗan sanda na nan a tsakiya, amma yana isowa ne bayan an riga an gaya masa abin da zai tarar.

Me ya sa majalisar birni ce fagen wannan kokawa, ba majalisar tarayya ba? Domin Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya. Tana da hukumomin tsaro kusan 18,000, mafi yawansu na gari ko na gunduma, kowace da kasafinta da shugabanta. Wanda ke son sayar da kyamara ba sai ya shawo kan Washington ba. Ya ishe shi ya shawo kan shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari da kansiloli biyar ko bakwai, waɗanda da yawansu aikin wucin gadi suke yi, ba su da injiniya ko lauyan da zai karanta musu kwangila mai shafi ɗari. Zaɓen irin waɗannan kujeru mutane kaɗan ne ke fitowa, saboda haka kuɗin da ba zai motsa komai a zaɓen shugaban ƙasa ba yana iya juya majalisa gaba ɗaya. Ga kamfanin da darajarsa ta kai biliyoyin dala, wannan kasuwa ce mai arha.

Ƙofar da aka fi shiga ta ita ce kyauta, kuma ita ce ta fi wuyar ganewa, domin wa zai yi faɗa da mai ba shi? Hikimar ita ce ikon majalisa yana cikin kasafin kuɗi ne. Duk abin da ba a biya da kuɗin haraji ba, sau da yawa ba ya bi ta hanyar neman tayin 'yan kwangila, ba a zaman sauraron jama'a a kansa, wani lokaci ko labarinsa majalisa ba ta ji. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na New Orleans. Tun 2012 kamfanin Palantir ya ba birnin manhajarsa kyauta, a ƙarƙashin wani shirin magajin gari Mitch Landrieu na rage kashe-kashe. Manhajar tana tattara bayanan kamu da na kotu da na shafukan sada zumunta, ta zana waye ya san wa, ta nuna waɗanda ake ganin za su iya harbi ko a harbe su. Sai a Fabrairun 2018 jaridar The Verge ta fallasa lamarin, kuma manyan kansilolin birnin suka ce ba su taɓa jin labari ba. Shekara shida ke nan. Wannan birnin dai, a Mayun 2025, jaridar Washington Post ta gano cewa wata ƙungiya mai zaman kanta, Project NOLA, tana da kyamarori kusan 200 masu gane fuska da ke aika wa 'yan sanda saƙo kai tsaye a waya idan sun hango wanda ake nema, alhali dokar da majalisa ta yi a 2022 ta taƙaita amfani da fasahar sosai. Kyamarorin ba na birni ba ne, don haka aka ɗauka dokar birni ba ta hau kansu ba.

Karen ƙarfe na kamfanin Boston Dynamics, wato mutum-mutumi mai ƙafa huɗu mai suna Spot, a garuruwa da dama ta irin wannan ƙofa ya bi. A Honolulu da kuɗin tallafin korona na tarayya aka saye shi, kimanin dala 150,000, aka sa shi auna zafin jikin marasa matsuguni a wani sansani. A Los Angeles gidauniyar 'yan sanda ce ta ba da shi kyauta, darajarsa kusan dala 278,000, majalisa ta karɓa a Mayun 2023 da ƙuri'a 8 da 4 bayan jama'a sun cika zaure suna cewa a'a. A New York an fara hayarsa a 2020, aka soke kwangilar a Afrilun 2021 bayan bidiyonsa a unguwannin talakawa ya harzuƙa mutane, sai ga Adams ya dawo da guda biyu a Afrilun 2023 a kan kimanin dala 750,000, daga kuɗin kadarorin da 'yan sanda suka ƙwace. Tallafin annoba, gidauniya, kuɗin ƙwace: aljihu uku daban-daban, amma babu ko ɗaya da kansila ke riƙe da bakinsa yadda yake riƙe da kasafin shekara.

San Fransisko ce ta fi nuna yadda abin ke tafiya daki-daki, shi ya sa nake komawa gare ta. A Mayun 2019 ita ce babban birni na farko a Amurka da ya hana hukumominsa amfani da fasahar gane fuska, ya kuma wajabta neman izinin majalisa kafin a sayi kowace na'urar sa ido. Amma tun kafin nan Chris Larsen ya fara kashe kuɗinsa, har kusan dala miliyan 4, wajen kafa kyamarori sama da 1,000, ba ta hannun gwamnati ba, ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa na unguwanni. A lokacin zanga-zangar kisan George Floyd a 2020, 'yan sanda suka samu damar kallon kyamarorin yankin Union Square kai tsaye har na kwanaki, lamarin da ya kai ga ƙara a kotu. A Yunin 2022 aka yi wa babban mai gabatar da ƙara na birnin, Chesa Boudin, kiranye, kuma attajiran fasaha irin su David Sacks na cikin waɗanda suka ba da kuɗi. Ƙungiyoyi irin su GrowSF, waɗanda tsofaffin ma'aikatan kamfanonin fasaha suka kafa, suka riƙa fitar da jerin sunayen 'yan takarar da za a zaɓa. Sai Prop E a 2024. Sai kuma a 2025, ƙarƙashin sabon magajin gari Daniel Lurie, aka sanar da gudummawar dala miliyan 9.4 daga Ripple da wata gidauniyar da Larsen ya kafa, domin cibiyar da 'yan sanda ke kallon kyamarori da sarrafa jirage marasa matuƙa, har da ba su aron wani ofishin Ripple a tsakiyar birni su koma ciki. Rundunar gwamnati ke nan tana sa ido a kan gari daga ofishin da kamfani mai zaman kansa ya ba ta.

Ya kamata in yi adalci a nan. Larsen ba kyamara yake sayarwa ba, kuma ba ni da dalilin cewa ba da zuciya ɗaya yake yi ba. Fasa gilashin mota a yi sata ya addabi birnin na shekaru, kuma waɗanda suka zaɓi Prop E ba sayen su aka yi ba, mutane ne da suka gaji. Ba niyyar mai bayarwa nake tuhuma ba. Abin da nake kallo shi ne mutum ɗaya mai kuɗi yana iya zaɓar wa gari maganin da za a gwada. Da wani attajiri ya ce zai ba da miliyan 9 a gyara fitilun titi ko a ɗauki masu binciken manyan laifuka, da wata hanyar aka bi. Kuma kyauta tana da jela. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: bayan shekara biyu ko uku kuɗin mai bayarwa ya ƙare, lasisin manhaja ya zo sabuntawa, an riga an horar da jami'ai, an zuba bayanan shekaru a rumbun kamfanin, sai kasafin birni ya gaji nauyin. A ranar ne majalisa za ta kaɗa ƙuri'arta ta farko ta gaskiya, kuma tambayar da ke gabanta ta riga ta canza, daga “mu kawo?” ta koma “mu cire?” Kansilan da ya ce a cire ya san cewa laifi na farko da za a yi bayan nan a wuyansa za a rataya.

Shikago ta ɗanɗana wannan. Ta ƙulla kwangilar dala miliyan 33 da ShotSpotter a 2018. A Agustan 2021 ofishin babban sufeton birnin ya duba saƙonni sama da 50,000 da na'urar ta aika, ya tarar kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai aka samu shaidar laifin da ya shafi bindiga bayan 'yan sanda sun je. Brandon Johnson ya yi alkawarin soke kwangilar lokacin neman kujerar magajin gari, ya ci zaɓe a 2023, amma cika alkawarin ya zame masa jidali. A Satumban 2024 majalisa ta kaɗa ƙuri'a 33 da 14 tana neman a bar na'urar, kuma da yawa daga masu goyon bayanta kansilolin unguwannin baƙaƙen fata ne na kudu da yammacin birnin, inda harbi ya fi yawa. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: sau da yawa ba wanda ke kiran 911, na'urar ce ke sa a iske wanda aka harba yana da sauran numfashi. Johnson ya tsaya kan bakansa aka kashe na'urorin a watan. Ko waye ke da gaskiya, abin lura shi ne cire abin da aka riga aka kafa ya ci magajin gari fiye da shekara guda na rigima da majalisarsa.

In kyauta ba ta yi ba, akwai akwatin zaɓe; in akwatin zaɓe ya ƙi, akwai majalisar jiha. Wannan dabara ba a harkar 'yan sanda aka fara ta ba. A 2016 kamfanonin hayar mota ta waya, Uber da Lyft, sun kashe sama da dala miliyan 8 a birnin Austin na jihar Texas don a soke dokar birni ta ɗaukar hoton yatsun direbobi. Suka sha kaye, suka tattara suka bar garin, sannan a 2017 majalisar jihar Texas ta yi dokar da ta shafe ta birnin, suka dawo. A Seattle majalisa ta sa wa manyan kamfanoni harajin dala 275 kan kowane ma'aikaci a Mayun 2018 don taimakon marasa matsuguni, Amazon, wanda tun kafin a kaɗa ƙuri'ar ya dakatar da shirin wani gini, ya nuna ɓacin ransa, kafin wata guda aka soke harajin. A zaɓen 2019 ya zuba kusan dala miliyan 1.5 a takarar kansiloli, kodayake babbar abokiyar hamayyarsa, kansila Kshama Sawant, ta tsira da kujerarta. Na baya-bayan nan ya fi kusa da zancenmu. A Scottsdale ta jihar Arizona, inda hedikwatar Axon take, majalisar birni ta amince a Nuwamban 2024 kamfanin ya gina sabuwar hedikwata haɗe da gidaje kusan 1,900. Mazauna garin suka tattara sa hannun mutum sama da 25,000 don a kai batun ga ƙuri'ar raba gardama. Axon ya ce zai iya ƙaura zuwa wata jiha, sannan a Afrilun 2025 majalisar Arizona ta yi dokar da ta share masa hanya ba tare da jiran ƙuri'ar ba, gwamna Katie Hobbs ta sa hannu. Rigimar ta gidaje ce, ba ta makami ba. Amma kamfanin da ya iya tsallake ƙuri'ar mutanen garinsu shi ne wanda dubban rundunoni ke ajiye bidiyon shaidarsu a rumbunsa.

Shi wannan Axon ɗin ne a Yunin 2022, kwanaki bayan kisan yara a makarantar Uvalde, shugabansa Rick Smith ya sanar da shirin ƙera jirgi marar matuƙi mai ɗauke da Taser don makarantu. Mutum 9 daga kwamitin da kamfanin da kansa ya naɗa don ba shi shawara kan ɗa'a suka ajiye aiki, aka dakatar da shirin. A Oktoban shekarar Boston Dynamics da wasu kamfanoni biyar suka sa hannu a wasiƙar alkawarin ba za su ɗora makami a kan na'urorinsu ba. Madalla. Amma alkawarin kamfani ba doka ba ne, wanda ya yi shi zai iya warware shi, kuma ba kowa ya shiga ba: tun a 2021 an baje kolin karen ƙarfe na Ghost Robotics ɗauke da bindiga a bayansa a wani taron kayan soja a Washington.

Masu goyon bayan na'urorin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A Maris na 2024, a Barnstable ta jihar Massachusetts, 'yan sanda sun tura karen ƙarfe mai suna Roscoe cikin gidan da wani mai bindiga ya kulle kansa, mutumin ya harbe shi sau uku, daga baya aka kama shi da ransa. Harsasan nan da jikin mutum za su shiga. 'Yan sandan Amurka suna harbe mutum kusan 1,000 har lahira kowace shekara, kuma da yawa daga cikin harbin tsoro ne ke jawo shi. Ƙarfe ba ya tsoro. Idan jirgi ya riga isa ya nuna cewa abin da ke hannun yaro waya ce, an tsirar da rai.

Sai dai wannan hujjar tana da baki biyu, kuma nan ne doka ta yi baya. Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Graham da Connor ta 1989, ta ce ana auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi ne da idon jami'i mai hankali da ke wurin, wanda tilas ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Uzurin da ake yi masa ya ginu ne a kan cewa ransa na cikin haɗari kuma ba shi da lokaci. To jami'in da ke zaune gaban allo a wani gini, wane haɗari yake ciki, kuma wane lokaci ne ya ƙure masa? Kamata ya yi ma'aunin ya ƙara tsauri. Sannan idan na'ura ta yi kuskure, wa za a kama? A Janairun 2020 'yan sandan Detroit sun kama Robert Williams a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ya kwana a tsare, saboda manhajar gane fuska ta haɗa shi da hoton ɓarawon agogo. Ɗan sanda zai ce na'ura ce ta nuna, kamfani zai ce shi shawara kawai ya bayar, birni zai ce yadda manhajar ke aiki sirrin kasuwanci ne da kwangila ta hana bayyanawa. Kowa ya tura wa na gaba.

Wasu ƙasashen ba su da wannan ja-in-ja ko kaɗan. Dubai ta fito da ɗan sandanta na ƙarfe a 2017, Singafo ta gwada wasu masu suna Xavier a 2021 suna gargaɗin masu shan taba a inda aka hana da masu ajiye keke ba bisa ƙa'ida ba. A can gwamnati ce ke yanke shawara daga sama, kowa ya san daga ina umarni ya fito. Abin da ya bambanta na Amurka shi ne a takarda ikon na hannun jama'ar gari ne. Rigimar San Fransisko ta 2022 ma ba ta fito fili ba sai don wata dokar Kalifoniya ta 2021, AB 481, ta tilasta wa kowace runduna ta lissafa kayan yaƙin da take da su ta nemi amincewar majalisa a bainar jama'a. Ba don ita ba, da babu daftarin da Peskin zai ƙara wa jimla, babu kuma sokewar da 'yan jarida za su gani. Na'urorin sun daɗe a ɗakin ajiya ba wanda ya tambayi me aka yarda su yi.

Amma ko majalisar da ta farka tana da iyakar da hannunta ba ya kaiwa, domin bayanai ba su san iyakar gari ba. Ana hayar kyamarar Flock a kan 'yan dubban daloli a shekara, kuɗin da a garuruwa da yawa bai kai adadin da sai an kai gaban majalisa ba, kuma runduna tana iya buɗe rumbunta ga sauran rundunoni don ita ma ta leƙa nasu. A Mayun 2025 kafar 404 Media ta bayyana cewa wani jami'i a gundumar Johnson ta Texas ya bincika kyamarori sama da 83,000 a faɗin ƙasar yana neman wata mata da aka rubuta cewa ta zubar da ciki, har da kyamarorin jihohin da zubar da ciki ba laifi ba ne a dokarsu. Ofishinsa ya ce danginta ne suka ji tsoron halin da take ciki. Ko da hakan ne, kansilan wani gari a Illinois da ya ɗaga hannu don a kama ɓarayin mota bai san cewa ya ba jami'in Texas ido a kan titinsa ba.

A Yunin 2025 Austin, wadda ta kayar da Uber a akwatin zaɓe shekara tara kafin nan, ta bar kwangilarta da Flock ta ƙare ba tare da sabuntawa ba, bayan mazauna garin sun matsa wa majalisa lamba. Shawarar ta shafi kyamarorin da birnin ke biya ne kawai. Na garuruwan da ke kewaye da ita, da na manyan kantuna, da na ƙungiyoyin masu gidaje a unguwanni, ba sa ƙarƙashin wannan ƙuri'a, kuma motar da ta fito daga Austin da safe za ta wuce ta gabansu kafin ta dawo da yamma.